Macen sikilid tana riƙe ƙwai a baki amma ba a ganin 'ya'ya: ina matsalar take?

Sabon_Makiyayi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon kifin ado. Tankin gilashi ne mai tsawon ƙafa 3, yana cin ruwa wajen lita 110. A ciki akwai kifin sikilid, wato dangin karfasa, 'yan Tafkin Malawi guda 5, rawayen nan masu baƙin layi a fiffiken baya da ake kira Labidochromis caeruleus, sai wasu masu ruwan lemo guda 2 da aka ce min za su zauna lafiya tare, da kurungu ɗaya.

Ɗaya daga cikin rawayen takan daina cin abinci, haɓarta ta kumbura, ta koma bayan dutse ta lafe. Bayan kwana 3 ko 4 sai kumburin ya sace, ta dawo tana cin abinci kamar ba a yi komai ba. Sau ɗaya ta jure har mako 3, aka ga ƙananan 'ya'ya a tsakanin duwatsu da yamma, gari na wayewa babu ko ɗaya. A Kano nake, ruwan famfo nake zubawa, in ya ɗauke in sa na burtsatse. Babu hita. Me ke sa ta haɗiye ƙwan? In raba ta ne ko in bar ta? In an samu 'ya'yan, me ake ba su?

Mai_Ƙyanƙyasa

Wa alaikumus salam Malam. Ranar da ta rasa ƙwan ita ke faɗa maka dalili, don haka fara rubuta kwanan watan da ka ga haɓar ta kumbura.

Ga yadda abin yake. Namiji yakan share wuri a kan yashi ko dutse mai faɗi, ya yi ta karkarwa a gaban macen har ta biyo shi. Sai su shiga zagaye, ta saki ƙwai ɗaya ko biyu, ta juyo nan take ta ɗauke da baki, ta kai bakin kusa da ƙasan cikin namijin, shi kuma ya saki maniyyi ta zuƙa. Haka za su yi ta yi har ƙwan ya ƙare. Ƙwan manya ne, wajen milimita 3, kuma ba su da yawa: matashiyar mace 5 zuwa 10, babba 15 zuwa 30. Daga nan ba ta ƙara cin abinci. Za ka ga tana motsa baki kamar mai taunar goro, juya ƙwan take yi don ruwa mai iska ya ratsa su. A ruwa mai zafin digiri 26, cikin makon farko suke ƙyanƙyashewa a bakin, kowanne da jakar gwaiduwa a cikinsa, su shanye gwaiduwar a wajen kwana na 18 zuwa 21, sannan ta sake su.

In kumburin ya sace a kwana na 2 zuwa na 4, kusan kullum ƙwan bai samu maniyyi ba. Ya zama baragurbi, ta ji ya fara lalacewa, ta haɗiye ko ta tofar. Wannan yakan faru in babu namijin da ya balaga a tankin, domin mace takan saki ƙwai ta ɗauka ko babu namiji, wani lokaci ma mata biyu ne za su yi zagayen tare. Yakan kuma faru in wasu kifayen suna kutsawa tsakaninsu a lokacin zagayen, namijin ya tafi kora, ita kuma ta cika baki da ƙwan da ba a taɓa ba. A tanki mai ƙafa 3 da kifi 8 wannan abu ne mai sauƙin faruwa. Sannan matashiyar mace takan zubar da na farko da na biyu ko komai yana daidai, sai a na uku ta iya riƙo.

In kuwa ta wuce kwana 5 sannan ta zubar, ƙwan lafiyarsa lau, tsoro ne ko wahala: namiji ya matsa mata da kora, ko an sa koma a tankin, ko an canza ruwa mai yawa da sanyi a lokaci guda, ko iska ta yi ƙaranci da wuta ta ɗauke. Mace mai baki cike ba ta numfashi sosai, ita ce ta farko da ke jigata.

Dalili na uku kuma ka gani da idonka. Ta kai ƙarshe, ta saki, aka cinye. Kurungu da dare yake kiwo, kuma yana shiga ramukan da 'ya'yan ke ɓuya.

Abin da za ka fara yi, tabbatar da mazan da matan. A wannan nau'in launi ba ya raba gardama, duk rawaye ne. Namiji yakan fi girma, baƙin fiffikensa na ƙasa ya fi turuwa, amma wannan alama tana yaudara. Tabbataccen abu shi ne ka jiƙa hannu, ka kama kifin ka kifa shi, ka duba ƙofofi biyu da ke gaban fiffiken ƙasa na baya. A namiji girmansu kusan ɗaya ne, a mace ta bayan ta fi faɗi sosai. Sai kifi ya kai santimita 6 ko 7 ake gane wannan da kyau. Abin da ake so, namiji ɗaya da mata 3 ko 4, don korarsa ta rabu a kansu.

Masu ruwan lemon nan kuma, in Metriaclima estherae ne, kuma su aka fi haɗawa da rawayen a shaguna, fitar da su. Sun fi ƙarfi, kuma suna barbarar juna da rawayen. 'Ya'yan da za a samu ruwa biyu ne, launinsu ya dushe, baƙin layin ya kakkarye, faɗansu ya yi yawa. In da hali, koma tanki mai ƙafa 4, wajen lita 200, gilashi mai kaurin milimita 10, da tarin duwatsu biyu a gefe da gefe yadda wanda aka kora zai ɓace wa mai korarsa daga gani.

Hajiya_Mai_Lambu

Malam Mai_Ƙyanƙyasa ya gama magana kan dalili. Kan batun rabawa: a raba ta, amma ba da wuri ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga haɓa ta kumbura yau, gobe a bi ta da koma. A makon farko ko ɗan firgici ya isa ta tofar, kuma ba lallai ta sake ɗauka ba. A bari sai kwana na 12 zuwa 14. A lokacin 'ya'yan sun yi ido, har ana hango ɗigon baƙi ta fatar haɓarta in an haska, kuma ta riga ta saba da riƙon.

Tankin jego ba sai babba ba. Mai santimita 60 a tsawo, 30 a faɗi, 30 a tsayi yana cin lita 54, ya isa har renon 'ya'yan. A cika shi da ruwan babban tankin, ba sabo ba. Kada a sa yashi ko tsakuwa, ƙasa fili ta fi sauƙin sharewa. A sa ƙaramin kaskon ƙasa a kife da ƙofa a gefe don ta ɓuya, da 'yan duwatsu ƙanana a kusurwa guda waɗanda 'ya'ya za su iya shiga tsakaninsu ita ba za ta iya ba.

Filtar soso kaɗai ake sa wa, irin wadda famfon iska ke tafiyar da ita. Filta mai inji tana zuƙe 'ya'ya. Kuma soson ya zama ya yi aƙalla mako 4 yana aiki a babban tankin kafin a ɗauko shi, saboda a jikinsa ne bakteriyar da ke cinye dattin kifi take zaune. Sabon soso daga leda ba ya tace komai sai ƙura. Tun yau ka sayi guda ka jefa a babban tankin, kafin ta sake ɗauka ya nuna.

Wajen kamu, kada a yi tsere da ita a cikin duwatsu. A kashe fitila a bar ɗakin da duhu awa 2, ko a zo da asuba, a haska tocila kaɗan. Za a same ta a kwance, launinta ya kwanta, ba ta da kuzari. A tura ta da koma a hankali cikin kofin roba, a ɗago ta da ruwanta, kada ta fito iska. In ta tofa wasu a kofin, a juye su tare da ita a tankin jegon a rufe da zane, sau da yawa takan kwashe abinta.

Ba a ba ta abinci a wannan zaman, ruɓewa kawai zai yi. Randa ta sake su a ba ta kwana 1, in ta daɗe 2, a cire ta. Wannan nau'in ba ya daɗewa yana gadin 'ya'ya, kuma uwar da ta yi mako 3 da yunwa ba a yi mata amana. Kada kuma a mayar da ita wurin namiji kai tsaye, cikinta ya shafe, ba ta da ƙarfin gudu. A ware ta da raga a gefe guda, a ciyar da ita kwana 5 zuwa 7. A mayar da ita da dare, a ɗan sauya zaman duwatsun, don kowa ya shagala da neman sabon wuri.

Baban_Karfasa

Hajiya, Allah ya ƙara sani. Sai dai akwai hanyar da ta fi gajarta: a amshe 'ya'yan daga bakinta. Masu ƙyanƙyasar karfasa haka suke yi, domin karfasa ma sikilid ce, kuma irin wadda aka fi kiwo, Oreochromis niloticus, macen ce ke riƙe ƙwai a baki kamar wannan. Suna buɗe bakin uwar su juye ƙwan, su zuba a tulun da ruwa ke shigowa ta ƙasa yana juya su.

A kifin ado ana yi a kwana na 16 zuwa 18. A zuba ruwan tankin a kwano mai faɗi. A jiƙa hannu, a riƙe ta ba matsi, kanta yana kallon ƙasa a cikin ruwan. A ja leɓen ƙasa a hankali da farce ko wani abu na roba marar kaifi, a riƙa tsoma kan ana ɗagowa. 'Ya'yan za su fito da kansu. A leƙa bakin a tabbatar ba saura, a sake ta. Duk aikin kada ya kai minti ɗaya.

In an yi sammako aka tarar gwaiduwar tana da girma har ba sa iya tashi daga ƙasa, ba a barin su kwance, fumfuna za ta kama su. Sai a yi musu majuyi. A samu bututun roba mai haske, faɗin santimita 4 zuwa 5, tsawon 15. A ɗaure raga mai laushi a ƙasa, a zuba su a kai, a sa wata ragar a sama da su da tazarar yatsa 3, sannan a saka tiyon iska a saman raga ta biyun. Kumfar tana hawa tana jan ruwa ta ƙasa, ruwan yana motsa su. Kumfa kada ta taɓa su ko kaɗan. A rage iskar har sai suna ɗan rawa a wurinsu kawai. In suna tsalle suna bugun raga, gwaiduwar za ta fashe. Duk wanda ya yi fari ya mutu, a zuƙe shi da sirinji a ranar, in ba haka ba ya shafa wa na kusa da shi.

Hajiya_Mai_Lambu

Alhaji, hanyar tana aiki, amma ban ga dalilin ba wa sabon hannu ita ba. Karfasar gona tana da baki kamar jaka, wannan kuwa duka-duka santimita 8 ce, muƙamuƙinta ba ya jure ja. In ya goce shi ke nan, ba ta ƙara cin abinci daidai. Sannan macen da ake amshe wa 'ya'ya takan yi saurin sake ɗaukar ƙwai, in ana yi a kai a kai sai ta tsumbure. Mai sayar da dubbai yana da hujja, mai neman 15 a falo ba shi da ita. Inda na yarda a amshe shi ne in ta wuce kwana 28 ba ta saki ba, ko in an san ta da haɗiyewa a mako na biyu duk da an gyara komai.

Sabon_Makiyayi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, cikin rawayen 3 kamar maza ne. To batun ruwa fa? Wani ya ce in jefa 'yar kanwa tunda kifin Malawi ruwa mai kanwa-kanwa suke so. Ga kuma matsalar wuta, wani lokaci takan kwana ba ta zo ba.

Injiniya_Sola

Malam, kada ka sa kanwa. Gaskiya ne ruwan Tafkin Malawi yana wajen 7.8 zuwa 8.5 a ma'aunin pH, mai nuna tsami ko kanwa-kanwar ruwa, amma kanwa ba ta da ma'auni. Wani dunƙulen ya fi wani ƙarfi nesa ba kusa ba, ga ƙasa da wasu gishirai a haɗe, kuma tana iya cilla pH sama da 9 cikin ɗan lokaci. Abin da ke kashe kifi shi ne hawa da sauka, ba rashin kai wa 8 ba. Waɗannan rawayen da aka haifa a tankuna suna hayayyafa lafiya a 7.5 in dai ya tsaya a nan.

Sayi abin gwaji na ɗigawa, na pH da na amoniya da na naitirait, gubobi biyu da ke samuwa daga dattin kifi. Ka ɗebi ruwan da kake amfani da shi a bokiti, ka sa masa iska awa 24, sannan ka gwada. Ruwan burtsatse yakan fito da iskar kabon mai yawa da oksijin kaɗan, sai ya sha iska ainihin pH ɗinsa ke bayyana, yawanci ya hau. In bayan haka ya kai 7.5, kada ka ƙara komai. In bai kai ba, hanya mafi sauƙi ita ce ɓawon kawa da ake sayar wa masu kajin ƙwai: a wanke sosai, a ɗaure cikin hannu biyu a raga, a ajiye kusa da filta. Yana narkewa a hankali, kuma ba ya wuce gona da iri. Mai son sauri ya yi amfani da bekin soda, ba bekin foda ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita 50. A narka a ruwan da za a zuba, kuma a riƙa auna na ruwan da aka canza kaɗai, ba na tankin duka ba.

Ruwan famfo yana da kulorin. A bar shi a buɗe da iska awa 24 zuwa 48, ko a ɗiga maganin kashe kulorin. Jarka da bokiti su zama na kifi kaɗai, waɗanda ba su taɓa ganin omo ko fetur ba. Kuma ka tsaya a kan ruwa iri ɗaya. Yau famfo gobe burtsatse, shi kansa yana iya sa mace ta zubar.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa masu kifin Malawi ba. Amoniyar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, gubarta a pH 8 ta ninka ta pH 7 kusan sau 10, kuma zafi yana ƙara ta. Wato dattin da wani kifin zai jure, a tankinka kisa ne. Amoniya da naitirait su zama sifili kullum. In ka ga 'ya'ya sun taru a sama suna haki, ko sun kwanta a ƙasa sun tsuke fiffike, canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kafin ka fara tunanin magani. Soso kuma a ruwan tankin da aka zuƙo ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Batun wuta. Famfon iska ba ya cin komai, wat 2 zuwa 5 ne. Akwai ƙanana masu USB da ke cin wajen wat 1, fawa bank mai 10,000 zai riƙe ɗaya awa 20 ko fiye. Wannan ya fi komai muhimmanci a watan Afrilu da Mayu, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iska: a digiri 25 lita guda tana ɗaukar wajen miligiram 8.3 na oksijin, a 32 wajen 7.3, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙata. In ruwa ya haura 30, a buɗe murfi a sa raga, a juya fanka tana busa saman ruwan, yakan sauke digiri 2 zuwa 3. Kada a jefa ƙanƙara kai tsaye.

Da hunturu kuma akasin haka. Daren Disamba da Janairu a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, ƙaramin tanki kuwa yana bin iskar ɗaki da sauri. Ƙasa da 22 'ya'ya sukan daina ci, riƙon uwa ya ja har mako 4, ga cutar farin ɗigo tana biyo bayan sanyi. Ana so 25 zuwa 27. Hita mai kashe kanta, wat 50 ta ishi lita 54. A manna farin fom na kwalin firji a baya da gefe biyu da ƙasa, a rufa bargo da dare. In wuta ta ɗauke, gorar ruwa mai lita 1.5 cike da ruwan zafi mai digiri 60, a rufe a jefa ta tana yawo, tana ƙara wa lita 50 wajen digiri 1. Kada a cire hita daga ruwa tana kunne, fashewa take.

Sai maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa duk guba ne ga kifi, kuma famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. In dole a fesa, a kashe famfon, a rufe tankin da leda da jiƙaƙƙen tawul, a buɗe tagogi sosai kafin a kunna. Tanki ya mutu gaba ɗaya a dare guda ba alamar ciwo, fara tambayar wa ya yi feshi.

Mai_Ƙyanƙyasa

Kan abinci. Sa'ar da aka yi, 'ya'yan masu riƙo a baki suna fitowa da girmansu, kusan santimita 1, suna iya cin gari tun ranar farko. A murje abincin manyan da yatsa ya zama kamar gari, ko a sayi garin farko na 'ya'yan tarwada mai milimita 0.2 zuwa 0.3. Sau 3 ko 4 a rana, abin da zai ƙare cikin minti 2. Ga 'ya'ya 15, abin da ya maƙale a kan jiƙaƙƙen tsinken sakace ya isa ci guda. Gwaiduwar dafaffen ƙwai da ake yawan ba da shawara tana ɓata ruwa cikin awoyi, a bar ta.

Abin da ke sa su girma da sauri shi ne atemiya, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri, kuma ana samunta wurin masu sayar da kayan ƙyanƙyasar tarwada. Iri biyu ce. Marar ɓawo ba a ƙyanƙyashe ta, a jiƙa minti 15 ta kumbura a ba su. Mai ɓawo ita ake ƙyanƙyashewa: a yanke gindin gorar ruwa mai lita 1.5, a kifa ta bakin yana ƙasa, a zuba ruwa lita 1, gishiri giram 25, wato babban cokali ɗaya da rabi, ɗan bekin soda a bakin cokali, da ƙwan atemiya rubu'in cokalin shayi. A tura tiyon iska har ƙasa yadda ba abin da zai kwanta. A digiri 27 suna fashewa cikin awa 24, da sanyi sai 36. A kashe iska minti 5, a haska tocila a ƙasan gorar. Ɓawon zai taso sama, masu ran su taru wurin hasken, launin ruwan lemo. A zuƙe su da tiyo, a tace a ƙyalle, a ɗauraye da ruwa marar gishiri. Ɓawon kada ya shiga tanki, yana toshe hanjin 'ya'ya. A ba da su a ranar da suka fashe, bayan nan amfaninsu raguwa yake. In gwangwanin ya ƙi fashewa, yawanci zafi da laima ne suka kashe shi, a firji ake ajiye shi a rufe ruf.

Cikin ɗan da ya ƙoshi yakan yi tumbi ya yi ja-ja. Kowace yamma a zuƙe ƙasan tankin da siririn tiyon iska zuwa farin bokiti, a duba bokitin kafin a zubar. A canza kashi 20 cikin 100 na ruwan sau 3 a mako, sabon ya zama zafinsu ɗaya, a zuba ta siririn tiyo. Ciyarwa da yawa ba canjin ruwa ita ke sa su tsumbure. Da wannan tsarin cikin wata 2 zuwa 3 sun kai santimita 2.5 zuwa 3. Ba a mayar da su wurin manya sai sun fi ƙarfin bakin babban cikinsu.

Gargaɗi guda: abincin tarwada na 'ya'ya ne a makonnin farko, kada ya zama abincin manyan. Maiƙo da furotin ɗinsa sun yi wa hanjin kifin duwatsun Malawi yawa, yana jawo kumburin ciki. Su abinci mai ganye ko sifirulina, wani irin gansakuka da ake sa wa a abincin kifi, ya fi dacewa da su. Kuma a bambance: mai riƙon ƙwai haɓarta ce ke kumbura, cikinta yana shafewa. Mai ciwo cikinsa ne ke kumbura, yana ɗaukar abinci yana tofarwa, kashinsa fari siriri kamar zare. Wannan a ware shi, a daina ba shi abinci, a narka maganin metronidazol miligiram 250 a kowace lita 40, a maimaita bayan an canza ruwa kowane kwana 2 har sau 3.

Ɗan_Neja_Delta

In gwaji ya nuna ruwanka mai laushi ne, pH 6.5 zuwa 7, akwai sikilid ɗin da zai zauna a ciki ba tare da an ƙara komai ba, kuma ɗan gida ne: kiribensis, Pelvicachromis pulcher, daga kogunan kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru. Shi ba ya riƙo a baki. Mace da namiji ɗaya a lita 60 zuwa 80, da rabin ƙoƙon kwakwa a kife da 'yar ƙofa. In cikin macen ya yi ja ya koma shunayya, tana lanƙwasa jiki a gaban namiji, ta kusa. Tana manna ƙwan a rufin kogon, su fashe a kwana 3, bayan wajen mako guda da saka ƙwan ta fito da su garke guda, uwa da uba suna kiwonsu. 'Ya'yan sun fi na Malawi ƙanƙanta sosai, atemiya mai rai suke buƙata a farko. Kada a ɗaga kogon don leƙe, cinye ƙwan za su yi. A bar 'ya'yan da iyayen mako 3 zuwa 4, in faɗa ya tashi tsakanin iyayen a cire wanda ake duka, galibi namijin ne. Amma ba a haɗa su tanki ɗaya da 'yan Malawi.

Sabon_Makiyayi

Madalla. Zan rage mazan, in fitar da masu ruwan lemon. Kurungun fa, shi ma ya tafi? Kuma in ta sake ɗauka a 'yan kwanakin nan, 'ya'yan na tsantsar rawaye ne?

Mai_Ƙyanƙyasa

Kurungun zai iya zama tunda a wani tankin za ta saki, sai dai in ka ga yana kutsawa lokacin zagayen yana tsince ƙwan, to a ranar ya fita. Duk ƙwan da ta ɗauka bayan masu ruwan lemon sun bar tankin na rawayen ne, domin ba ta ajiye maniyyi a jiki, a baki ake haɗuwar a lokacin. Wanda ta ɗauka suna nan kuwa kada ka sayar ko ka bayar sai sun kai santimita 3 ka duba: rawaya tas, baƙin layin fiffiken baya a miƙe ba yankewa, jiki ba ratsi mai duhu. Mazan biyu da za ka rage, ka cire su rana ɗaya. In ka bar ɗaya a baya, shi babban zai sa a gaba.